Tseren keke mai dogon zango: Ka rubuta sunanka ko ka bari sai baɗi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a garuruwanmu. A Dutsin-Ma za ka ga ɗalibin Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna taka feda zuwa lacca, a Kurfi kuma wanda ya jingine tsohon Raleigh na babansa ya kakkaɓe shi ya kai wa mai faci. Daga hawan dole, wasu sun koma hawan sha'awa. To, idan kana cikinsu, wata rana abokai za su turo maka sanarwar tsere na 'yan sa-kai, kilomita 80 ko 100, hanya mai hawa da gangara, su ce, "Malam, ai kai ne gwaninmu, sa sunanka kawai." Kafin ka amsa musu, zo mu zauna mu yi lissafi.

Fara da sanin abin da ake kira dogon zango. Ɗaya daga cikin manyan tseren da ake buɗe wa kowa da kowa a duniya yana nan Afirka, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Tun 1978 ake yin sa, tsawonsa kilomita 109, kuma dubban mutane ke shiga duk watan Maris: malaman makaranta, 'yan kasuwa, ɗalibai, har da tsofaffi. Awa 7 ake bai wa mutum ya kammala. Idan ka raba, kusan kilomita 16 ke nan a kowace awa, har da tsayawar shan ruwa da ta faci. A baki kamar wasa. Amma mahayan suna yawan ba da labarin wani tudu da ake kira Suikerbossie, wanda ke zuwa dab da ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu. A nan ake gane wanda ya shirya da wanda zuga ta kawo.

Kai ma kana da ma'auni a ƙofar gidanka. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi sama da kilomita 20 ne, zuwa da dawowa kusan 50. Idan ka zarce Katsina, kusan 60 ke nan a tafiya ɗaya. Hanyar ba ta da manyan tsaunuka irin na Filato, amma wanda ya bi ta a mota bai san ta ba. A kan keke ne za ka gane cewa abin da ido ke gani shimfiɗaɗɗe hawa ne a hankali, mai cin cinya ba tare da ka ankara ba. A lokacin hunturu kuma iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai zuwa Kurfi da ita zai yi ta kokawa, sai a dawowa ta tura shi. Kada ka raina iska. A 2017 ita ce ta sa aka soke tseren Cape Town ɗin da safiyar ranar, mutane na tsaye da kekunansu.

Ga gwajin da zan ba ka. Ka je Kurfi ka dawo, ka duba agogo, sannan ka lura da jikinka washegari. Idan ka tashi ka je lacca ko kasuwa lafiya lau, akwai tushe. Idan kuwa sai da aka gasa maka ƙafa da ruwan zafi, to tseren da ya ninka wannan ba na watan gobe ba ne. Masu horar da mahaya kan ce kafin ranar tsere ya kamata a ce ka taɓa yin kamar kashi biyu cikin uku na zangon a atisaye, kuma a hankali ake ƙara nisan, mako bayan mako. Mai farawa yana buƙatar wata biyu zuwa uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun tudu, wanda a nan ne keken kansa yake shigowa. Phoenix ko Raleigh marar giya jarumi ne wajen ɗaukar buhu, amma yana da nauyi, kuma a doguwar hawa gwiwarka ce za ta biya kuɗin. Keke mai giya, ko da na hannu ne, yana ba ka damar sassauta feda ka riƙa juyawa da sauri ba tare da ka danne da ƙarfi ba. Sirrin hawa ke nan: ka sauya giya tun kafin tudun ya kama ka, ka zauna a sirdi, ka hau da numfashin da za ka iya yin magana da shi. Wanda ya taso wa tudun farko da gudu don a gan shi, a na uku za ka same shi yana tura keke da hannu. Gangara kuma ta fi hawa haɗari. Birki biyun su kasance suna ci, hular kwano kuma ba ado ba ce.

Kada rashin keke mai tsada ya karya maka gwiwa. Ese Ukpeseraye, 'yar Jihar Delta, ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris a 2024, kuma da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Mamadou Safayou Barry ya taso daga Gini a 2023, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000, mafi yawanta a kan keke, don neman karatu a Al-Azhar. 'Yar'uwa, ke ma da ke nake. Amma a yi lissafin aljihu da gaskiya: kuɗin rajista, kuɗin mota zuwa garin da za a yi, masauki, sabuwar taya, famfo da kayan faci. Idan kuɗin makaranta za ka taɓa, amsar ta fito.

Zafi ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu, rana a yankinmu tana haura digiri 40. A irin wannan yanayi jiki na zubar da ruwa da gishiri fiye da yadda kake zato, don haka kurɓa ake yi a kai a kai, ba a jiran ƙishirwa. Ka riƙe ruwan gishiri da sukari, da dabino ko ayaba a aljihu, ka riƙa ci tun kafin yunwa ta zo. Jiri, ciwon kai, ko ka ji gumi ya ɗauke alhali jiki na zafi, alamu ne na a sauka a nemi inuwa nan take. Mai sikila, mai asma, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma wajen motsa jiki, likita ne zai yanke masa hukunci, ba abokai ba. Ka kuma duba kalanda: idan makonnin atisayen sun faɗa cikin azumi ko jarrabawa, ka san ɗaya zai cuci ɗaya.

Yanzu ga maganar da ba ma son yi, amma dole. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layin waya a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, kuma a Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar nan daga gidan da suke haya. Mai keke shi kaɗai a hanya da asuba ba shi da gudun tsira. Don haka atisaye a rukuni ake yi, bayan gari ya waye sosai, a kan babban titi. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ta kwana. Hanyoyin ƙauye, ko da na wajen madatsar Zobe ne masu daɗin kallo, sai da shawarar mutanen wurin. A gida kuma a san inda ka nufa da lokacin dawowarka, kuma ka nemi yardar iyaye tun kafin ka biya ko sisi.

Su ma masu shirya tseren ka yi musu tambayoyi, ba rashin kunya ba ne. Tashoshin ruwa nawa ne a hanya? Akwai motar asibiti? Akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaji? An sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra? Akwai gajeren zango ga masu farawa? Wanda ya kasa amsa waɗannan, bai cancanci ka damƙa masa ranka ba.

To, ka shiga ko ka bari? Idan kana zuwa Kurfi ka dawo ba tare da ka kwanta jinya ba, kekenka na da giya da birki, likita da iyaye sun amince, kuma akwai sauran wata biyu a gaba, ka rubuta sunanka. Burinka na farko shi ne ka kai ƙarshe da ƙafarka a kan feda, ko kai ne na ƙarshe. Idan biyu daga cikin waɗannan sun gaza, ka zaɓi gajeren zango, ko ka je ka taya raba ruwa ka ga yadda abin yake da idonka. Ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, kana iya haɗa abokanka ku fara da zagayen gari. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu.