Shin Ko Kun San? Injin Huda Ƙarfe

Shin ko kun san injin hujin lantarki da masu walda a Gumel da Maigatari ke huda ƙofofi da amalanken shanu da shi ya haura shekara ɗari a duniya? A 1889 Arthur Arnot da William Brain suka yi rajistar na farko a Melbon ta Ostareliya. A 1895 kamfanin Fein na Jamus ya fito da wanda ake riƙewa a hannu, sannan a 1917 Black & Decker na Amurka ya yi masa mariƙi da kunama irin na bindiga.

Ko kun san ƙarfe ba ya son gaggawa? Gwargwadon kaurin bakin injin da taurin ƙarfen, gwargwadon rage gudu. A fara dangwala wurin da ƙusar alama da guduma don kada bakin ya zame, a riƙa ɗiga mai. Idan bakin ya koma shuɗi, zafi ya cinye kaifinsa.

Ga wadda ta fi damuna. Haɗarin yana zuwa ne daidai lokacin da bakin zai ɓulla ta ɗaya gefen. Nan yake cijewa, sai injin ya murɗe wa mutum wuyan hannu, ko farantin ƙarfen ya juya kamar farfela ya yanki wanda ke kusa. Shi ya sa ba a bai wa yaron shago ƙarfe ya danne da hannu ko da ƙafa. A matse ƙarfen a jikin teburi, a sassauta dannawa idan an kusa fita. Faɗin hannun riga, jelar rawani, har safar hannu, duk injin na iya naɗe su kafin ƙiftawar ido.

Ku sa tabarau na kariya. Ɓurɓushin ƙarfe ba a hure shi da baki, ba a share shi da tafin hannu, buroshi ake sawa.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta KEDCO ce ko ta janareta, tana kisa. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana ganganci ne, balle da damina ƙasa a jiƙe. A zare wayar kafin a sauya baki, a cire makullin da aka ɗaure bakin da shi kafin a kunna.