Taron Masoya Labaran Al'ajabi: Darasin Da Funtuwa Da Malumfashi Za Su Ɗauka Daga Ƙasar Ailan

Tun daga shekarar 1990 masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi a ƙasar Ailan suke da wani taro nasu na shekara-shekara, wanda suke kira Octocon saboda galibi a watan Oktoba ake yin sa. Gwamnati ba ta da hannu wajen shirya shi. Masu karatu ne da kansu suke kafa kwamiti, su tara kuɗin rajista, su kama zaure, su gayyato marubuta da masu zane, sa'an nan a zauna a ƙarshen mako ana muhawara a kan littattafan da aka karanta, ana saye da sayarwa, ana koya wa matasa dabarun rubutu. Ma'aikatan taron duk 'yan sa-kai ne.

Sannu a hankali wannan al'ada ta yi ƙarfi, har ta kai ga birnin Dablin ya karɓi baƙuncin babban taron duniya na masoya irin waɗannan labarai, watau Worldcon, daga ranar 15 zuwa 19 ga Agusta, 2019. Shi ne karo na 77 tun da aka fara shi a birnin Niyok a 1939, kuma karo na farko a ƙasar Ailan. Fiye da mutum 5,000 suka halarta. A wurin wannan taro ne ake ba da lambar yabo ta Hugo, wadda mambobin taron suke zaɓen wanda ya cancance ta ta hanyar jefa ƙuri'a.

Mai karatu zai iya cewa, to, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan manomin auduga na Funtuwa ko ɗan makarantar Malumfashi da taron Turawa? Amsa ita ce, Jamhuriyar Ailan gaba ɗayanta ba ta wuce mutum miliyan 5 da 'yan kai ba a ƙidayar 2022, alhali kuwa Jihar Katsina kaɗai ta haura miliyan 5 da dubu 800 tun a ƙidayar 2006. Ba su fi mu yawa ba, kuma in aka bi tarihi za a ga ba su fi mu arzikin labarai ba. Abin da suka fi mu shi ne sun san yadda masu karatu za su haɗu su riƙe abinsu.

ƘASAR KATSINA BA BAƘUWA BA CE

Duk wanda ya san tarihin adabin Hausa ya san cewa ƙagaggen labari na boko da al'ajabi ya fara, kuma ƙasar Katsina tana da babban rabo a ciki. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta labarai. Cikin littattafan da suka fito daga wannan gasa akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da kuma Ganɗoki na wansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. A na farko, Alhaji Imam ya keta ƙasashen mutane da na aljanu yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A na biyu, jarumin ya fara da yaƙin Turawa na zahiri, sa'an nan labarin ya ɗauke shi zuwa duniyar aljanu da dodanni. Bayan wannan Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku ne yake jan ragamar hira. A farkon shekarun 1950 kuma Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya samo tushensa daga labaran jaruntaka na ƙasar Rasha, ya yi masa riga da wando irin namu.

Kudancin Katsina ma ta sa hannu. A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya fitar da Gandun Dabbobi, fassarar littafin nan na George Orwell da aka buga a 1945, inda dabbobi suka kori mai gona suka kafa mulkin kansu, daga bisani shugabanninsu suka zama azzalumai. Gwanintar Malam Bala ita ce bai bar labarin a Ingila ba. Ya mai da mai gonar Nomau, ya sa wa dokin nan mai aiki ba ji ba gani suna Akawal, har ya zama duk yaron da ya tashi a ƙasar noma zai ɗauka a bayan garinsu abin ya faru. A fagen nazari kuwa, Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yi aiki mai zurfi wajen bin sawun labaran Abubakar Imam, ya nuna daga inda aka ɗebo su da yadda aka Hausantar da su.

SHEKARAR KUMBO

Shekarar 1969 tana da muhimmanci a wannan tarihi. A watan Yuli na wannan shekara ne kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauke mutane a kan wata. Labarin ya girgiza duniya, kuma a ƙasar Hausa an yi ta gardama a zauruka da kasuwanni, wasu suna gaskatawa, wasu suna cewa ƙaryar Bature ce. Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe yana zaune a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, ya yi wa wannan kumbo waƙa, ya kai zancen sararin samaniya kunnen mutanen da ba su taɓa shiga aji ba.

A cikin wannan shekara dai Kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda manazarta suke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a harshen Hausa. Labari ne na wani yaro mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sama, Ƙolin Ƙoliyo, ya ɗauke shi ya zaga da shi cikin taurari. Bambancin wannan littafi da waɗanda suka gabace shi a fili yake. A Ruwan Bagaja aljani ne yake ɗaukar mutum ya kai shi nesa cikin ƙiftawar ido, a nan kuwa abin hawa ne da ilmin falaki. Watau dai Bahaushe ya buɗe wannan ƙofa shekara 21 kafin a yi Octocon na farko.

Sai dai kash, ba a bi ta ƙofar da yawa ba. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, labaran soyayya ne suka mamaye kasuwa, ko da yake littattafan yaƙi da sihiri irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun sami ɗimbin masu karatu, musamman samari. Labarin kimiyya kuwa ya zama maraya. A halin nan sauran 'yan Nijeriya suka yi nisa a harshen Ingilishi. An kafa mujallar Omenana a 2014. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci lambar Hugo a 2016 da labarinta Binti, kuma tun a 2007 ta rubuta wani littafi wanda ta kafa labarinsa a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. A 2017 aka fara ba da lambar Nommo ta marubutan Afirka a bikin Ake na Abekuta, inda Tade Thompson ya yi nasara da littafinsa Rosewater. Ga shi wasu suna hango makomar ƙasarmu a harshen wasu, mu masu ƙasar muna kallo.

AMFANINSA GA ƘASAR NOMA

Akwai masu ganin cewa wannan duk shiririta ce, mutumin da yake fama da tsadar taki ba shi da lokacin tatsuniya. Wannan magana tana bukatar a sake duba ta. Aikin labarin kimiyya shi ne ya ɗauki wani abu da ya fara bayyana yau, ya tambaya: in aka ci gaba a haka, ina za a kwana nan da shekara 50? Babu kuwa inda wannan tambaya ta fi dacewa kamar yankin Funtuwa da Malumfashi, domin yanki ne da ya sha ganin sauyi. Ya ga zamanin da auduga take sarauta, ana layi a fulotai da injin gurza. Ya ga Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara har masara ta ture dawa a gonaki da dama. A 2018 gwamnati ta amince da irin audugar da masana suka sauya wa halitta domin ta jure wa tsutsa. Yau kuma manomi yana jin farashin kasuwar Dandume ko ta Bakori ta wayar da ke aljihunsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa labari ne da yake jiran marubuci. Yaya gari zai kasance in damina ta yi shekara uku tana makara? Wa zai mallaki iri in ya zama dole a saye shi sabo kowace shekara? Me zai sami 'yan ƙwadago in na'ura ta karɓe noma da girbi? Ɗalibin da ya saba da irin waɗannan tambayoyi tun yana sakandare, shi ne gobe zai zama malamin gona ko ma'aikacin tsare-tsare mai hangen nesa. Kuma yaron da ya karanta labarin taurari da harshen uwarsa ba zai ɗauki kimiyya a matsayin kayan aro ba.

AIKIN 'YAN MAKARANTA

Darasi na biyu daga Ailan ya fi na farko gaggawa. A 1935 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya, saboda ta lura tsofaffin masu ba da labari suna ƙarewa, harshensu na asali kuma yana ja da baya a gaban Ingilishi. Daga 1937 zuwa farkon 1939 aka sa yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare 5,000 su je wurin kakanninsu da maƙwabtansu su rubuto tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici da tarihin garuruwa. Abin da suka tara ya kai shafi wajen 740,000. Yana ajiye a jami'a a Dablin, an kuma sa shi a intanet, marubutan yau suna ɗiba daga ciki.

Wani abin mamaki shi ne, babban kundin tatsuniyoyinmu na farko a tsibirin Ailan aka buga shi. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya sa malamai sun rubuta masa labarai, aka buga su cikin littafi uku a birnin Belfas tsakanin 1911 da 1913. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu domin makarantu a cikin jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma abin da aka rubuta bai kai cikin cokali ba in aka gwada shi da abin da yake bakin tsofaffi.

Su kuwa tsofaffin ba za su jira mu ba. Hirar dare da a da ake yi a tsakar gida, inda ake jin labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, talabijin da waya sun riga sun raunana ta. Sa'an nan rashin tsaro ya zo ya ƙara mata ciwo. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, kuma ba a manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba. In ƙauye ya watse, ba gonaki da rumbuna kaɗai ake asara ba. Labarin dutsen garin da na rijiyarsa da na kukar da ake cewa aljanu suna zaune a cikinta, duk sukan bi tsohuwar da ta san su zuwa kabari.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba sai an jira kuɗi masu yawa ba. Misali yana kusa da mu, domin a 2021 aka fara bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa na ƙasa da ƙasa a Kaduna, ƙarƙashin jagorancin marubuci Sada Malumfashi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ita ma ta nuna cewa da zarar an buɗe fage, marubuta za su fito daga inda ba a zata ba.

Saboda haka muna kira ga malaman Hausa da na kimiyya a makarantun Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja su haɗa kai su kafa ƙungiyoyin masu karatu. A ware rana ɗaya a shekara bayan an gama girbi, lokacin da manomi yake da sukuni da ɗan abin hannu, a taru a zauren wata makaranta. A gayyato tsofaffi su yi tatsuniya a ɗauki muryarsu da izninsu. A karanta Tauraruwa Mai Wutsiya da Gandun Dabbobi a yi muhawara a kansu. A sa gasar gajeren labari a kan yadda yankin zai kasance nan da shekara 50, mahalarta su zaɓi gwani da ƙuri'arsu kamar yadda ake yi a Worldcon.

Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina kuma tana iya sa kowane ɗalibin sakandare ya rubuto labari biyu daga bakin wani dattijo a lokacin hutu, tare da sunan garin da aka samo shi, a miƙa wa sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Ahmadu Bello su adana. Littafin rubutu da alƙalami kawai aikin yake bukata. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Masu labarin suna raye, masu karatu suna nan, saura a haɗa su wuri guda tun kafin lokaci ya ƙure.