Daga wuri zuwa alat: abubuwan da ya kamata ka sani game da tarihin kuɗi da banki a ƙasar Birnin Kudu

Duk dattijon da ya haura saba'in a Wurno (ta Birnin Kudu nake nufi, ba ta Sakkwato ba) an canja masa kuɗi a hannu aƙalla sau biyar: 1959, 1968, 1973, 1984, sai kuma 2022. Babu ko sau ɗaya da aka nemi jin ta bakinsa. A Landan ko Legas ko Abuja ake yanke shawara, shi kuwa sai dai ya ji a rediyo ko a bakin mai unguwa, tare da wa'adin da za a daina karɓar abin da ke ƙulle a lalitarsa. Wanda ya fi nisa da banki shi ya fi shan wuyar kowane canji, kuma haka abin yake tun kafin a san banki a ƙasar nan.

Wuri ma baƙo ne

Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba a kogin Birnin Kudu aka tsince shi ba. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso shi, ya biyo jiragen ruwa da ayarin fatake kafin ya iso mu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Birnin Kudu da Gwaram kuwa ƙasar Kano suke a wancan lokaci, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, don haka abin da ake kashewa a Kasuwar Kurmi shi ake kashewa a kasuwanninsu.

Wuri yana da ranarsa. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba a iya buga na jabu, kuma ya dace da cinikin talaka, na ƙosai da gishiri da daddawa. Matsalarsa nauyi da ƙirga. Mai ƙirga zai shimfiɗa tabarma, ya zube shi, ya riƙa ja da yatsu biyar-biyar yana tara tsibi-tsibi, har dubu ta cika, ya koma farko. Idan ya kai dubu ashirin sai a ɗinke shi cikin keso. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda. Ka ga ke nan keso ɗaya, kayan ƙato guda, dala takwas kacal ne. Wanda zai sayi doki mai kyau sai ya nemi jakunan da za su ɗauki kuɗin. Shi ya sa manyan fatake suka fi son riƙe dukiyarsu a tufafi da goro da dawakai da dalar azurfa ta Mariya Tareza, da kuma bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba. A nan kudancin ƙasar Kano, inda hare-haren Ningawa suka hana mutane sakat a ƙarni na 19, rumbu da garke sun fi keso amfani.

Wuri ya fara lalacewa tun kafin Bature ya ci ƙasa. Daga wajen 1845 kamfanonin Jamusawa na Hambug suka shiga jibgo wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kuɗi ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ta kai ladan ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye wani babban kaso nasa. Tsadar kaya saboda yawan kuɗi ba da naira ta fara ba.

Haraji ne ya shigo da kwabo

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma a 1904 aka hana shigo da wuri. Doka kaɗai ba ta raba mutane da shi ba. Abin da ya yi aiki shi ne haraji. Da gwamnati ta ce sannu a hankali kuɗin ƙasa da jangali sai da tsabar Bature, dole magidanci ya nemo ta, ko dai ya sayar da amfanin gona ko ya tafi aikin ƙwadago. Wajen 1910 aka kafa baitulmali a manyan masarautu irin su Katsina da Kano, aka yanka wa sarakuna da hakimai albashi, dagaci ya tara, hakimi ya kai birni.

Matsalar farko ita ce sule ya yi wa cefanen ƙauye girma. Sai aka bugo anini mai huda a tsakiya wajen 1908, goma su ne kwabo, don ya maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. Hudar nan ta yi wa mutane daidai, domin a zare ake shirya su a ɗaura a ƙugu. Kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, a tsakani ga taro da sisi da dala. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, mazauninta Landan, tana yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Kowane fam da ta fitar sai an ajiye madadinsa a Ingila. Wannan ya sa kuɗin ya yi ƙarfi, amma ajiyar can take aiki, ba nan ba.

Haraji da jangalin nan su ne Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979, lokacin Birnin Kudu na cikin Jihar Kano. Zuwa lokacin sun riga sun gama aikin da aka kawo su yi.

Gyaɗa ta kawo banki, amma a Kano ya tsaya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakar 1912 kuwa gyaɗa ta cika tasha har ta rasa taragu. Kowace kaka sai tsabar kuɗi ta fito daga birni ta bazu a karkara ta hannun dillalai da 'yan baranda, ta koma ta hanyar haraji da kantunan atamfa. Manomi azurfa yake so, wadda zai iya cizawa ya ji, ya binne a tukunya, ko ya kai maƙera a yi wa amarya awarwaro. Da aka fito da takardar kuɗi a 1916 mutane sun ƙi ta, sai an rage mata daraja ake karɓa. Suna da hujja: takarda gara na ci, gobara na lashewa, kuma alƙawari ce ta wanda ba ka taɓa gani ba.

Bankin da ke riƙe da wannan harka shi ne na Turawan Ingila da aka kafa a 1894, wanda yau ake kira First Bank. Labari ya shahara cewa a 1929 Alhassan Dantata ya kai masa ajiyar tsabar azurfa kayan raƙumi ashirin a Kano. Mutane kan ba da labarin don nuna yawan dukiyarsa. Ni abin da nake gani a ciki daban ne: attajiri irin wannan ya shekara da shekaru yana juya dukiya haka ba tare da banki ba, da amana da yaran gida da bashin kaya. Bankunan Turawa kamfanonin Turawa suke ba rance. Ɗan ƙasa sai dai ya ajiye.

Ƙoƙarin 'yan ƙasa na kafa nasu bankunan a Kudu ya ƙare da rushewar da yawa daga cikinsu a farkon shekarun 1950, abin da ya zo daidai da dokar banki ta farko ta 1952. A Arewa kuma aka kafa Bank of the North a jajibirin samun 'yanci, hedikwatarsa a Kano, wanda daga baya ya narke cikin Unity Bank a 2006.

Amurka ma ta sha wannan rigima

Mai ganin dala yau zai zaci da ƙarfinta aka haife ta. A lokacin yaƙin neman 'yanci, daga 1775, majalisar Amurkawa ta buga takardun kuɗi ba tare da azurfa a bayansu ba, kafin 1781 sun zama shara. A 1786 manoman Masacuset, waɗanda ake bi haraji da bashi da tsabar da ba su da ita, suka ɗauki makamai suka hana kotuna zama, ƙarƙashin wani tsohon soja Daniel Shays. Manomin Gwaram na zamanin jangali zai gane kukansu ba sai an yi masa tafinta ba.

A 1791 sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya sa aka kafa bankin ƙasa a Filadelfiya, da jarin dala miliyan 10, gwamnati na da kashi ɗaya cikin biyar, da izinin shekara 20. Thomas Jefferson da James Madison suka ce tsarin mulki bai ba da wannan dama ba, kuma attajiran birni zai amfana, ba manoma ba. Izinin ya ƙare a 1811 aka ƙi sabuntawa. Aka kafa na biyu a 1816, Shugaba Andrew Jackson ya hau kujerar na-ƙi a kan sabunta shi a 1832, ya mutu a matsayin bankin ƙasa a 1836. Daga nan bankunan jihohi suka yi ta buga takardunsu iri-iri har dubbai, ɗan kasuwa sai ya duba littafi kafin ya san ta gaske da ta jabu. Dalar azurfa ta Sifaniya ta ci gaba da zama halastaccen kuɗi har 1857, babban bankinsu na yanzu kuma sai a 1913 ya samu. Bambancinsu da mu shi ne su a majalisa da akwatin zaɓe suka yi gardamar, manomi na da ƙuri'ar da za a ji tsoro. Namu tsarin daga sama aka sauko mana da shi.

Naira da wa'adi

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959. A Janairun 1968 aka canja takardu ana tsakiyar yaƙin basasa, don kuɗin da ke hannun Biyafara su tashi a banza. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardu, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanakin da ba su kai sati biyu ba. Rubutun ajami ma, wanda da shi mutane da yawa a karkara ke karanta adadin kuɗi, an cire shi daga ƙananan takardu a 2007.

Na baya-bayan nan kowa ya gani. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sabunta naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 ba sa cikin bankuna. Aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardu ranar 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin sun shiga banki, sababbin ba su fito ba. A kasuwa irin ta Sara sai ka ga mutum riƙe da igiyar akuya, mai saye ya ce sai dai taransifa, shi kuwa ko asusu ba shi da shi. Sai a nemi wani yaro mai waya a tura masa, a tsaya cirko-cirko ana jiran alat, sabis ya ɗauke, rana ta yi. Mai POS a ƙarƙashin lemarsa ya zama sarki, ana sayen naira da naira. Wanda ya matsu ya karyar da kayansa ga duk mai tsaba a hannu. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, sannan a Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya.

Me ya sa har yanzu ake gudun banki?

Jami'ai kan ce rashin wayewa ne. Ban yarda ba. Akwai nisa: shirin kai bankuna karkara na 1977, da bankin talakawa na 1989, da bankunan al'umma na 1990, duk sun zo sun wuce, rassa sun tattaru a hedikwatar ƙaramar hukuma ko a Dutse. Akwai kuɗin ruwa, wanda musulmi ke ƙyama saboda haramcin riba, kuma sai a 2012 Jaiz ya buɗe a matsayin cikakken bankin da ba ya mu'amala da ruwa, TAJ ya biyo baya a 2019. Akwai kuma lissafi tsagwaronsa. Wanda ya sayi riɗi ko shinkafa da kaka ya ajiye, ko ya ɗaure rago don layya, yakan tarar dukiyarsa ta bi farashi, alhali naira a asusu tana nan yadda take, caji na gutsurarta, tsada na cin sauran. Adashi ma bai mutu ba domin uwar adashi a unguwa take, an san gidanta, an san ranar kwasa.

Sai dai rumbu na da gobara, garke na da ɓarawo, kuma 2023 ta nuna cewa rashin asusu ma asara ce. Mai son buɗewa ya tabbatar bankin na da lasisin Babban Banki, kuma yana ƙarƙashin hukumar inshorar ajiya ta NDIC da aka kafa a 1988. Tun 2024 hukumar na biyan mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe, miliyan 2 idan ƙaramin banki ne. An gwada wannan a watan Yunin 2024 da aka ƙwace lasisin Heritage Bank. Abin da ya haura wannan adadi kuwa sai an sayar da kadarorin bankin an bi basussukansa, sannan a raba wa masu ajiya gwargwadon abin da aka samu.