Bayani a Kan Zafin Injin Mota: Wanda Yake Ɗabi'a da Wanda Yake Cuta

Duk wanda ya saba shiga motocin haya da ke tashi daga tashar Matameye, ko su nufi Takeita su hau babbar hanya su shiga Damagaram, ko kuwa su gangara ta Ɗan Barto su ƙetare iyaka zuwa Daura da Kano, ya san wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin direba da mutanen kujerar gaba, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a wannan ƙasa kan haura digiri 40 a inuwa. Dattijo zai ji mazauninsa ya ɗauki zafi, ya ce, “Malam direba, motar nan fa ta yi zafi, a tsaya a ba ta ruwa”, direba kuwa, ba tare da ya ko dubi allurar da ke gabansa ba, sai ya amsa, “Haba Baba, haka take, lafiyarta lau.” Ko wanne ne ya dace da gaskiya a cikinsu, dukansu sun yanke hukunci a kan zato, alhali mas'alar tana da shaidu waɗanda idan aka saurare su da natsuwa za su kai mutum ga yaƙini.

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, zafi ɗabi'ar inji ce, ba aibinsa ba. Man da ke ƙonewa a cikinsa yana haifar da wuta mai kai digiri 2,000, kuma daga ƙarfin da ke cikin man nan, kimanin sulusi ne kaɗai ke juya ƙafafun mota, sulusi ya fita ta salansa, sauran sulusin kuwa ruwa da iska ne aka ɗora wa nauyin kwashe shi. Maƙeran inji ba su nufi ya yi sanyi ba. Sun nufi ruwan da ke zagaya shi ya tsaya tsakanin digiri 85 da 100, ko sama da haka kaɗan, domin a nan ne baƙin mai ke gudana yadda ya kamata, ƙarafa su zauna daidai da juna, mai kuma ya ƙone sarai. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya jure taɓa ƙarfen da ya wuce digiri 60. Saboda haka wanda ya dafa inji ya janye hannu da sauri bai tabbatar da kome ba face cewa injin yana aiki, tun da lafiyayyen inji da wanda ke gab da bugawa duka ƙona shi za su yi. Daɗin daɗawa, motar Hiace, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a shekarar 1967, kuma ita ce mafi yawan abin da ke jigilar mutanenmu, injinta galibi a ƙarƙashin kujerun gaba yake kwance. Idan abin da aka shimfiɗa don tare zafi ya tsufa ya zube, mazaunin zai yi zafi ko da injin yana cikin cikakkiyar lafiya.

Tsarin sanyayawar ba shi da wuyar fahimta. Famfo yana tura ruwa cikin jikin inji, ruwan ya ɗebo zafi ya kai shi lagireto, iska da fanka su huce shi, ya komo. Akwai kuma tamostat, wata ƴar ƙofa da ke rufe har sai ruwa ya kai wajen digiri 82 sannan ta buɗe. Amma abin da aka fi rainawa, kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne murfin lagireto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a kusan digiri 100, wanda bai yi nisa da zafin da inji ke aiki a kansa ba; hikimar murfin ita ce, yana matse ruwan a ciki, matsin nan kuwa yana ɗaga haddin tafasa zuwa wajen digiri 120. To, idan robar murfi ta cinye, ko aka musanya shi da wani wanda bai zauna daidai ba, ko aka ɗaure bakin da leda da tsumma kamar yadda wasu ke yi, ruwa zai tafasa ya yi amai alhali injin bai wuce haddinsa ba, a yi ta zargin fanka da famfo, a kashe kuɗi masu yawa, laifin kuwa yana ga abin da ya fi kome araha a cikin motar.

Babban mashaidi shi ne allurar zafi, sai dai ba a amfana da shaidarta sai an san al'adarta. Kowace mota tana da wurin da allurarta ke tsayawa bayan tafiyar minti goma ko sha biyar, galibi a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, kuma wannan wuri shi ne mizani. Abin lura ba inda allura take ba ne kaɗai, a'a, sauyawarta daga inda ta saba. Idan an shaƙare mota da mutane, aka labta mata damman raken fadamun Korama a bisa, aka shiga yashi da tsakar rana, allura ta ɗan ɗaga sannan ta komo da aka hau kwalta, wannan ba cuta ba ce. Idan kuwa ta riƙa hawa sannu a hankali ba ta komowa, ko ta riƙa hawa da sauka ba bisa wani dalili ba, lalle akwai magana. Ga kuma aibi biyu da ke tare da wannan mashaidi. Na ɗaya, a motoci da dama an tsara allurar ta zauna a tsakiya ba motsi ko da zafi ya sauya da digiri masu yawa, don kada ta tayar wa direba hankali, ta yadda duk lokacin da ta bar tsakiya al'amari ya riga ya yi nisa. Na biyu, wanda ya fi hatsari, abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake tsome. Idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, ba shi da abin aunawa, sai allura ta tsaya cik ko ma ta sauka, direba yana hamdala, inji yana ƙonewa. Motar da allurarta ta mutu kuwa, kuma irinta ba kaɗan ba ne a tashoshinmu, ban ga uzurin ɗaukar rayukan mutane a cikinta ba.

Akwai alamomin da ke firgita jahili alhali ba su da laifi: farin tururi daga salansa da sassafe a lokacin hunturu, wanda ke ɓacewa da zarar inji ya ɗumama, rurin fanka idan ta kama da ƙarfi a cikin zafi, da ruwan ƙaramin tankin lagireto da ke ƙaruwa idan mota ta yi tafiya ya ragu idan ta kwana.

Alamomin cuta daban suke. Mota ta rasa ƙarfi a wurin da ta saba wucewa ba wahala, a ji inji yana ƙwanƙwasa, wari mai zaƙi-zaƙi ko ƙaurin roba ya shigo ciki, tururi ya taso daga ƙarƙashin kujera. Lokacin da zafin ke zuwa shi ma dalili ne ga mai hankali: motar da ke zafi a tsaye, a shingen duwan ko a cunkoson ranar kasuwa, ta huce idan ta kama hanya, fankarta ko fambel ake tuhuma, wadda kuwa ke lafiya a cikin gari ta yi zafi a doguwar hanya, galibi lagiretonta ne ya toshe, ko daga waje da ƙura da ciyawa da fara, ko daga ciki da tsatsa. Mafi munin duka shi ne a ga ruwa yana raguwa kullum ba a ga inda yake ɗiga ba, farin hayaƙi bai daina fita bayan inji ya ɗumama ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri. Wannan gaskit ne ya ƙone, ruwa da wuta sun sami hanya zuwa ga juna, kuma ƙara ruwa a kowane gari ba zai warkar da shi ba.

A nan ya kamata a faɗi wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wato cire tamostat daga motocin da aka sauko da su daga Kwatano, bisa hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Hujjar tana da kamar gaskiya, amma rarrauna ce. Tamostat ba ya ƙara wa inji zafi a bazara, domin a buɗe yake. Cire shi kuwa yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba a sanyin Disamba da Janairu, ya sha mai, ƙarafansa su ci juna, kuma a wasu injuna ruwa ya riƙa bin gajeriyar hanya yana kauce wa lagireto. Wanda ya lalace a sauya shi. Haka nan ruwan rijiya tsura, da gishiri da ƙasar da ke cikinsa, shi ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto shekara bayan shekara. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, sai dai guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, a kiyaye shi daga yara da dabbobi.

Idan shaidu sun tabbata a kan hanya, a sauka gefe nan take, kada a ce bari a ƙarasa garin Kance tun da an kusa, domin kan inji yana iya lanƙwashewa cikin mintoci kaɗan. In babu tururi kuma fanka tana juyawa, a bar injin yana aiki a tsaye, a kunna hita idan tana nan, a ga ko allura za ta sauka. In akwai tururi, a kashe. Kada a kwara wa inji ruwan sanyi, domin ƙarfe mai zafi yana tsagewa. Kuma kada maigida ya ce wa yaron mota ya buɗe murfi, domin ruwan da ke matse a digiri 120 yana tashi gaba ɗaya da zarar an sassauta masa, a tsofaffin Hiace kuwa murfin a cikin mota yake, kusa da fuskar yaro da ƙafafun fasinja. A jira rabin sa'a ko fiye, har babban tiyo na sama ya yi laushi ya taɓu da hannu, sannan a rufa tsumma mai kauri, a juya murfin rabi, a bar iska ta fita, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan, a duƙa a duba ƙarƙashin mota a ga ko abin da aka zuba yana zama.