Daren da agogona ya daskare

Na rubuta 'yar manhaja a MetaTrader 4 domin ta riƙa nuna mini daƙiƙun da suka rage kafin kyandir ɗin farashi ya rufe. Wani dare kasuwar canjin kuɗi ta yi sanyi, agogon ya daskare, na shiga ciniki a makare, na tafka asara.

Laifina ne. Na ɗora lissafin a kan OnTick, shi kuwa ba ya motsawa sai sabon farashi ya iso. Sai na mayar da shi OnTimer, ChartRedraw yana tilasta sabunta zanen kowace daƙiƙa.

Zumuɗi ya sa na gwada sau 50 a daƙiƙa. Kwamfuta ta kama nishi, farashi kuwa bai ƙara sauri ba, tunda daga dillali yake zuwa.