Canjin ƙafar karaban ko remok a gefen hanya: inda haɗarin yake da yadda ake kauce masa

A Faransanci kalmar karaban tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce ayari, irin na raƙuman da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri. Ta biyu kuwa ɗaki ne mai ƙafafu, da gado da madafa a ciki, wanda ƙaramar mota ke ja. A Faransa da Holand da Jamus da Ingila, da zarar hutun Yuli da Agusta ya kama, manyan hanyoyi kan cika da irin waɗannan ɗakuna. A Ingila ma masu su sun kafa ƙungiya tun shekarar 1907, kuma cikin wannan dogon lokaci sun tara ƙa'idoji game da abin da ya kamata a yi idan taya ta fashe a hanya.

Karaban ba ta da yawa a Nijar, amma ƴar uwarta tana nan: remok mai ƙafa biyu da ake ɗaura wa mota don jan tankin ruwa, injin wutar lantarki, injin walda ko kayan kasuwa. Gininsu ɗaya ne, kuma yadda suke zamewa daga kan kirik, wanda a Najeriya ake kira jak, shi ma ɗaya ne.

Karaban ba mota ba ce

Mota tana tsaye ne kan ƙafafu huɗu. Idan aka ɗaga ɗaya, uku na riƙe da ita. Karaban ko remok mai ƙafa biyu kuwa wuri uku kawai take dogara da su: ƙafar dama, ƙafar hagu, da hancinta na gaba. Idan aka ɗaga ƙafa ɗaya, saura biyu. In kuma an cire ta daga jikin mota, hancin nan yana kan wata ƴar ƙaramar ƙafa ce da ke juyawa kowane ɓangare. Turi kaɗan, ko iskar babbar motar da ta wuce, ya isa ya sa karaban ta juya, kirik ya karkace, nauyin da kan kai kilo 1000 zuwa 1500 ya faɗo ƙasa. Hannu ko ƙafar da ke ƙarƙashi a lokacin ba za su tsira ba.

Shi ya sa ƙa'ida ta farko ita ce: kada a raba karaban da motar da ke jan ta. Motar ita ce turken da ke hana ta juyawa. A kashe injin, a ja birkin hannu na motar, a bar ta cikin giya ta ɗaya, sannan a ja birkin hannu na karaban har ƙarshensa.

Amma birkin kaɗai bai isa ba. A Faransa doka ta tilasta birki ne ga remok da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750. Ƙananan da yawa ba su da shi sam. Waɗanda ke da shi ma, an ƙera birkin ne ta yadda zai saki idan mota na ja da baya, don haka karaban tana iya gangarawa baya kaɗan kafin ya kama. Wannan ɗan motsi ya isa ya kayar da kirik. Maganinsa waigi: ɗaya a gaba, ɗaya a bayan ƙafar da za ta tsaya a ƙasa.

Tarkon ƙafafun kusurwa

Karaban tana da ƴan ƙafafun ƙarfe huɗu a kusurwoyinta, waɗanda ake murɗowa ƙasa idan an yi zango don kada ɗakin ya riƙa rawa idan ana tafiya a ciki. Ganin suna da zare kamar kirik, mutane da yawa kan ɗauka za su iya ɗaga karaban da su. Kuskure ne babba. Ba a yi su don ɗaukar nauyi ba. In aka tilasta su, ko su lanƙwashe farat ɗaya, ko su murɗe shasi, ko su fasa katakon daɓen ɗakin. Haka ma sandar da wasu masu walda ke maƙala wa remok a baya don tokare ta: aikinta tokarewa ne kawai.

Ina ake kafa kirik?

Shasin karaban na zamani, irin wanda kamfanin AL-KO na Jamus ke ƙerawa, ƙarfe ne marar kauri da aka yi don rage nauyi. Yana da ƙarfi wajen ja, amma idan aka tokare shi a inda bai dace ba, zai lotsa. Don haka wuri biyu ne ake amincewa da su: wurin da kamfani ya ƙarfafa musamman a bayan ƙafa, ko kuma ƙarƙashin farantin da ya haɗa shasi da ƙarfen ƙafafu, wato ƙarfen nan da ya ratsa ƙasan karaban daga wannan ƙafa zuwa waccan. Littafin da ke zuwa da karaban yana nuna wurin. Ba a kafa kirik a tsakiyar ƙarfen ƙafafu, ba a kafa shi a ƙarƙashin katako.

A remok mai lam, wato sifirin, wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da ƙafa, daidai inda aka ɗaure lam ɗin da ƙarfen ƙafafu.

Kirik ɗin ma sai an duba. Wanda ke zuwa da ƙaramar mota an yi kansa ne don ya shiga wani tsagi na jikin motar. A kan ƙarfe mai sulɓi zamewa yake yi. Ana buƙatar wanda ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ya wuce nauyin da zai ɗauka, kuma mai gajarta da zai shiga ƙarƙashi, domin idan taya ta sace, karaban tana sauka ƙasa sosai. In kirik ya ƙi shiga, a shimfiɗa katako a gaban tayar da ta sace, a ja a hankali ta hau kansa. Ga mai ƙafa biyu a kowane gefe kuwa, idan ƙafar lafiyayya ta hau katako mai tudu, sau da yawa ta kusa da ita tana tashi ba tare da kirik ba.

Aikin daki-daki

Da farko a nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da kwana. Gara a lalata tayar da ta riga ta fashe da tafiyar mita ɗari a hankali da a tsaya a gangare. A kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a baya. Dokar Faransa ta ce aƙalla mita 30. Kowa ya sauka ya koma gefe, kada a bar ko yaro a cikin karaban ko kan remok. A Nijar, kamar a Faransa, ana tuƙi ne a hannun dama, saboda haka mai canza ƙafar hagu bayansa yana wajen motocin da ke wucewa. A samu wanda zai tsaya yana duba masa hanya.

Bayan birki da waigi, a fito da tayar sakur. A sassauta noti, ko bulon kamar yadda makanikanmu ke cewa, da kamar rabin juyi tun ƙafar tana ƙasa. Wanda ya jira sai ya ɗaga kafin ya fara kokawa da noti mai tauri, da hannunsa zai girgiza karaban daga kan kirik.

A shimfiɗa katako mai faɗi da kauri a ƙarƙashin kirik. Wannan ya fi shafar mu, domin a hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso, Birnin Konni da Maradi zuwa Damagaram, da zarar ka sauka daga kwalta, yashi ne ko jar ƙasa da ke laushi da damina. Kirik kan nutse a gefe ɗaya ya kwanta. Kada a yi amfani da tubalin siminti ko tarin duwatsu: tubali yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

A ɗaga a hankali ana duba ko kirik yana tsaye sak. In ya fara karkata, a sauke a sake kafawa. A ɗaga fiye da abin da tsohuwar taya ke buƙata, tun da sabuwar cike take da iska. Idan an kai, a sa shandel, ƙafar ƙarfen nan ta garaji, in akwai. A nan ne ƙafafun kusurwa ke da amfani: a murɗo na gefen da aka ɗaga su taɓa ƙasa kawai, su zama mataimaka. Tsohuwar ƙafar da aka cire kuma a kwantar da ita ƙarƙashin shasi. Duk da haka, kai da ƙirji da cinya ba sa shiga ƙarƙashi, ko da noti ne ya gangara ciki. A jawo shi da sanda.

Ɗaurin noti

A goge yashi da tsatsa daga inda janti zai zauna, domin ɗan datti a tsakani yana sa noti ya saki daga baya. Kada a shafa wa zaren mai ko giris. A fara murɗa kowane noti da hannu, sannan a ɗaure da kile ana tsallakawa, wannan da na gabansa, ba a jere ba. A ɗage ƙafafun kusurwa, a cire shandel da tsohuwar ƙafa, a sauke kirik, sannan a yi ɗaurin ƙarshe.

Hawa kan kile da ƙafa ba shi ne ɗauri mai kyau ba; yana miƙar da ƙarfen har ya karye a hanya. Akwai kile mai awo da ke yin ƙara idan an kai adadin da kamfani ya ƙayyade. A karaban da yawa na Ingila adadin shi ne Nm 88 ga jantin ƙarfe, ya kai wajen 130 ga na alminiyom. Bayan tafiyar kamar kilomita 50, a tsaya a sake duba kowane noti. Ƙafar da ta fice daga remok tana gudu, mai babur ko mai amalanken da ke gefen hanya take samu.

Kafin a kama hanya

Tayar karaban ko remok ba ta cika cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye cikin rana. Shekarunta na rubuce a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ƙungiyoyin masu karaban a Ingila suna ba da shawarar a canza taya idan ta kai shekara 5, kuma kada ta wuce 7, ko da zanenta bai goge ba. Zafin watannin Afrilu da Mayu a ƙasarmu ba ya ƙara mata kwana, kuma mai sayen tayar hannu ya kamata ya karanta wannan lamba kafin ya biya.

A ƙarshe, a gwada aikin sau ɗaya a gida da rana. A nan ne mutum zai gane ko kilensa ya yi daidai da notin remok, ko kirik yana shiga, ko tayar sakur tana da iska. Waigi biyu, katako biyu, fitilar hannu da alamar gargaɗi ba su da nauyi, kuma wurin ajiyarsu cikin motar ne, ba ƙarƙashin lodin da ke kan remok ba.