Fanshon malaman makaranta a Neja: a duba asusu tun kafin ritaya

Duk wanda ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san irin wayar da ake bugowa daga gida idan wata ya yi nisa. Ni tawa daga Minna take zuwa, daga kawuna da ya shekara 35 yana koyarwa a firamare. Ya yi ritaya, amma abin da yake karɓa ko kuɗin magani da na masara ba ya kaiwa. Shi ya sa na zauna na bi diddigin yadda abin yake.

Tsarin fansho iri biyu ne. A tsohon tsari gwamnati ce ke biyan garatuti da fanshon wata-wata daga aljihunta. Sabon kuwa, wanda dokar tarayya ta 2004 ta kawo, na karo-karo ne: a cire wani kaso daga albashi, gwamnati ta ɗora nata, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin a wani kamfanin fansho da hukumar PenCom ke sa wa ido. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, sai dai kowace jiha da tata dokar.

Neja ta yi tata a 2006, ta dakatar da tsarin a 2015, daga baya aka ci gaba. To, a nan gizo ke saƙa. Watan da ba a zuba komai a asusun malam ba, giɓi ne, kuma ribar da kuɗin zai haifa ita ma ta wuce.

Saboda haka in kana da uba ko yaya da ke koyarwa, ka matsa masa ya karɓo takardar bayanin asusunsa, ya gwada ta da takardun albashi, wata bayan wata. In da giɓi, ya kai wa ƙungiyar malamai ta NUT da hukumar fansho a rubuce. Ya adana takardar ɗaukar aiki da na ƙarin girma, ya tabbatar ranar haihuwarsa ɗaya ce a ko'ina, don saɓanin shekara ɗaya ma yana tsayar da fayil.

Sannan doka ta yarda mutum ya riƙa ƙara wani abu a asusunsa bisa raɗin kansa, ko kaɗan ne.

Mu kuma na Kudu akwai namu. Maimakon aiken cefane kullum, babana ya sayo wa kawu raguna biyu a kasuwar Beji. Ya turke su da harawa da dusa, gab da Babbar Sallah aka loda su motar Legas tare da shanunmu. Ba riba ce ta a zo a gani ba, kuma dabba tana iya mutuwa, amma bana huɗu ya ɗaure.

Da safe ake kama fara. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.